Yadda Masu Zane Suka Tallafa Wa Sana'ar Agogo A Suwizalan

Duk wanda ya lura da tallar agogo a jarida zai tarar hannuwan agogon kusan kullum suna kan ƙarfe goma da minti goma. Da gangan ake yin haka, domin sunan kamfanin da ke ƙarƙashin lamba 12 ya fito sarai, fuskar agogon kuma ta yi kamar tana murmushi. Wannan kaɗan ne daga cikin dabarun da suka haɗa maƙeran agogo da masu zane.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 maƙera na garuruwan La Chaux-de-Fonds da Le Locle a ƙasar Suwizalan suka gane cewa ingancin agogo a ciki yake, mai saye kuwa ido yake bi. Saboda haka kamfani kan ba mai zane kwangila, ya gaya masa irin mutanen da yake son jawowa. Shi kuma sai ya zana hoton, a buga shi da faifan dutse, kowane launi da nasa faifan, sa'an nan a manna a bangon titi da tashar jirgin ƙasa. Da hoton kyamara ya bunƙasa, sai kasuwar masu zane ta ja baya.

A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir. Ba a jima ba irinsa ya yi araha, ga shi ya fi mai wani kiyaye lokaci. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka ragu zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Cikin wannan ƙunci ne aka fito da Swatch a 1983, agogon roba mai sassa 51 kacal. Tun da ba zinariya a jikinsa, sai aka nemi ƙawata shi da zane. A 1985 aka ba wani Bafaranshe mai laƙabin Kiki Picasso aikin zana fuskarsa, aka yi guda 140. A 1986 Keith Haring na Amurka ya zana nasa. Mutane suka shiga sayen agogo biyu ko uku, kamar yadda ake sayen hula.

Ta haka zanen da a dā yake kan takardar talla ya koma kan agogon kansa, ya zama shi ne abin da ake biya.