Kyanwa da Ƙafar Gado: Sulhu Tsakanin Mai Gadin Rumbu da Kayan Ɗaki

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kaka ita ce lokacin biki. Manomi kan kai masara da dawa kasuwar Dandume, ko ya sayar da audugarsa, sa'an nan ya nufi wurin kafinta domin yi wa 'yarsa gado da sif da madubi. Kayan nan gumin damina guda ne, wani lokaci har biyu. Saboda haka ba ƙaramin ɓacin rai ba ne a wayi gari bayan 'yan watanni a tarar kyanwar gida ta kakkarce ƙafar gadon, fenti ya zube, katako ya fito fili. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne a sa ta a buhu a kai ta nesa a yar. Sai dai gidan da ya kori kyanwa ba ya daɗewa kafin ya fara jin motsin ɓeraye a ɗakin ajiyar hatsi.

Abin da Ya Sa Kyanwa Take Karta

Ba mugunta ke sa kyanwa karta ba, halittarta ce. Tana da farata 18: biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. An gina su da keratin, wato sinadarin da ke cikin farcen mutum da ƙahon saniya. Amma farcen kyanwa hawa-hawa yake tsirowa kamar ɓawon albasa. Idan na waje ya dakushe, sai ta kafa shi a jikin itace ta ja, tsohon kube ya sulluɓe, sabo mai tsini ya bayyana. Wanda ya duba gindin abin da take karta, sau da yawa zai tsinci waɗannan kube a ƙasa.

Dalili na biyu shi ne alama. A tafin ƙafarta da tsakanin yatsunta akwai wuraren da ke fitar da wani wari wanda hancin mutum ba ya ji, amma sauran kyanwoyi suna jin sa sarai. Duk inda ta karta ta bar saƙo iri biyu, na ido da na hanci, cewa wurin yana da mai shi. Damisa ma haka take yi a jikin itatuwan daji. Wannan wari ne ke sa kyanwa ta riƙa komawa wuri guda. Dalili na uku kuwa miƙa ce: da zarar ta tashi daga barci takan nemi abin da za ta kama ta miƙe jijiyoyin bayanta da na kafaɗa. Ke nan ƙafar gado ta cika dukkan sharuɗɗa: a tsaye take, ba ta motsi, kuma tana kusa da makwanci.

Tsohuwar Yarjejeniya

Kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda masana ke kira Felis lybica. Hatsi ne ya haɗa ta da mutum: da aka fara noma da ajiya sai ɓeraye suka taru, ita kuma ta biyo su. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne kyanwa kusa da mutum. Har yau aikinta bai ƙare ba. Ɓeran da ya fi yawa a gonaki da gidajen Afirka ta Yamma, Mastomys natalensis, macensa kan haihu bayan kwana 23 kacal da ɗaukar ciki, kuma takan haifi 'ya'ya goma ko fiye. Ban da cin hatsi, shi ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na Jihar Borno ta yanzu. Kyanwa kaɗai ba ta isa ta ƙarar da ɓeraye ba, sai an haɗa da tsabta da rufe abinci, amma faratan da suka ɓata gado su ne makaminta na farauta.

Yadda Ake Kare Katako

Tun da ba a iya hana kyanwa karta, dabara ita ce a canja mata wuri. A sami guntun icce mai kauri, wanda tsawonsa ya kai kamar santimita 90, domin ta miƙe a jikinsa gaba ɗaya. A bar shi da ɓawonsa, ko a naɗe shi tam da igiyar rama ko tsohon buhun algarara. A kafa shi ƙyam, domin kyanwa ba ta yarda da abin da ke rawa. Tsohon turmin da ya tsage ma yana yi. A fara ajiye shi daf da wurin da take karta, ko kusa da inda take kwana. In ta saba, sai a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa tsakar gida.

A lokaci guda, a wanke ƙafar gadon da ruwa da sabulu a tsane ta, don a kawar da warin da ke kiran ta. Sa'an nan a naɗe wurin da leda mai kauri na 'yan makwanni, domin farce ba ya samun kamu a abu mai santsi. Yawancin kyanwoyi ba su son warin ɓawon lemu, don haka ana iya ajiye shi a gindin kayan. Mafi sauƙi duka shi ne rufe ƙofar ɗakin kwana idan ba kowa ciki. Irin katakon ma yana da tasiri: maɗaci da loko sun fi jure farce a kan katako mai taushi ko falankin da aka manna wa ɓawo mai sheƙi.

Idan ɓarna ta riga ta auku, ƙananan zane kan ɓace in an goga musu kakin zuma. Masu zurfi kuwa kafinta kan cike su da garin katako haɗe da gam, ya goge da samfefa, ya sake shafa fenti.

Abin da Bai Kamata Ba

Duka ba ya koya wa kyanwa komai sai tsoron mai gida. Za ta jira ya fita ta ci gaba. Haka kuma cire farce ɗungum, wanda ake yi a wasu sassan Amurka, yanke gaɓar ƙarshe ce ta kowane yatsa, kuma yakan bar ciwo mai daɗewa. Jihar New York ta haramta shi a 2019, sai dai in don magani ne.

Malamin kimiyya na iya mai da wannan darasi a aikace. Ɗaliban da ke da kyanwa a gida su kafa itace uku: ɗaya da ɓawonsa, ɗaya naɗe da igiya, ɗaya naɗe da leda. Su riƙa rubuta wanda ta zaɓa kowace rana har mako biyu, sa'an nan a kwatanta sakamakon a aji. Ɗalibin da ya yi wannan zai koma gida da hujjar da za ta ceci gadon yayarsa ba tare da an bar rumbun mahaifinsa babu mai gadi ba.