Yini Guda a Dajin Afaka Lokacin Toho

Yau mun ɗan ajiye zancen samari da lefe, daji za mu shiga.

Da yawanmu 'yan Kawo ba mu san muna da daji a kusa ba. In kin hau mota kin wuce Mando, kin miƙi hanyar Birnin Gwari, ga Afaka nan, dajin da gwamnati ta keɓe tun 1954. An dasa turare da malaina layi-layi, amma ni itatuwanmu na gado ne suka tafi da hankalina.

Muna aji biyar muka je, ni da ƙawayena biyu da Yaya, farkon bazara. Ana cewa bazara ba ta da komai sai zafi. To wallahi mai faɗin haka bai ga doka tana toho ba! Ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ƙasa duk toka saboda gobarar rani, amma ganyen nan ya fito jajir yana sheƙi kamar sabon leshi, sai bayan kwanaki yake rikiɗewa kore. Ɗorawa kuwa ta rataya jan furenta kamar 'yan kunnen amarya, ƙudan zuma sai kewaya ta suke. Yaya ya ce saiwarsu ce ke janyo danshi daga can ƙasa, shi ya sa ba sa jiran damina.

Da sassafe muka shiga da gorar ruwa, kafin azahar mun fito, don ranar Maris ba ta da mutunci. Ƙawata da ta sa takalmin biki, a hannu ta dawo da shi.

Abin da ya sosa min rai, muna ƙara nisa sai kututture, ga tudun ƙasa na hayaƙi inda ake ƙona gawayi. Irinsa muke hurawa kullum a gida, ni ban da bakin zagin kowa.

Sai ga daren 11 ga Maris, 2021. 'Yan bindiga suka shiga kwalejin gandun daji ta Afaka suka kwashe ɗalibai 39, akasarinsu mata sa'anninmu. Sai 5 ga Mayu aka sako ragowar. Tun ranar Umma ta ce ko sunan dajin kar ta sake ji a bakinmu, Yaya ma bai musa ba.

Ƙanwata tana aji uku yanzu, an koya mata sunan doka da Turanci a makaranta. Jiya take tambayata wai da gaske ganyenta ja ne.