Kafin ku sake biyan kuɗin jarrabawa: abin da makarantar jinya ke nema

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, akan ji iyaye a Danja suna cewa yarinyarsu ta ci duka darussa, saura a kai ta makarantar ungozoma ta Malumfashi ko makarantar jinya ta Katsina. Sai an je sayen fom a gane cewa ci ma iri-iri ne.

Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, NMCN, kiredit biyar take nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne, amma a nan ba su da amfani. Darasin noma ma, duk da yaranmu sun fi iya shi tun daga gonar rake da tumatir, ba ya maye gurbin Bayoloji.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne ƙa'idar zama biyu. Ana iya haɗa sakamako biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO, amma ba a haɗa uku. A ce ɗaliba ta samu Turanci, Kimistiri da Bayoloji a zaman farko, ta rasa Lissafi da Fiziks. Ta sake zama, Lissafi ya fito, Fiziks ya ƙi. Idan ta koma karo na uku da niyyar gyara Fiziks kaɗai, ta yi aikin banza, domin darussan biyar sun warwatsu a takardu uku. Dole Lissafi da Fiziks su fito tare a takarda guda, sannan a haɗa ta da ta farko. Saboda haka kafin a biya rajista, a shimfiɗa takardun a ƙirga.

Jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara tana faɗowa ne daidai lokacin kaka, ga girbi ga shirin noman rani. Gidan da ke son Fiziks ya fito sai ya haƙura da aikin yarinyar na 'yan watanni, ya samo mata malami. A wannan jarrabawa ba a shiga ɗakin gwaji, a rubuce ake amsa tambayoyin gwajin, don haka tsofaffin takardun tambayoyi sun fi komai amfani.

Cibiyoyin da ke alkawarin sakamako ba tare da karatu ba, a guje su. Hukumomin jarrabawa kan riƙe ko su soke sakamakon da suke zargi, kuma makaranta za ta sake gwada ɗaliba da kanta.

Makarantun jinya da yawa yanzu ta JAMB suke ɗaukar ɗalibai, ita kuma tana buƙatar lambar NIN. A tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin A'isha a nan, Indo a can, na iya tsayar da fom ɗin da kiredit ɗinsa ya cika.