Kilo da tsawo kaɗai ba sa faɗin lafiyar mutum

Kwanan baya wani ɗan uwanmu da ke zaune a Faransa ya aiko mana saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce ya lissafa wa mahaifiyarsa da ke wani ƙauyen Mayahi lambar da likitoci ke kira IMC, ta fito daidai, don haka hankalinsa ya kwanta. To, mu dai muna cewa kada ya kwanta tukuna.

IMC lissafi ne mai sauƙi. A ninka tsawon mutum na mita da kansa, sai a raba kilonsa da abin da ya fito. Mai kilo 60 da tsawon mita 1,70 zai samu wajen 20,8. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce ƙasa da 18,5 rama ce, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830, kuma jikin Turawa ya auna, don sanin matsakaicin jama'a, ba don duba majinyaci ɗaya ba.

Matsalar ita ce sikeli bai san bambancin tsoka da kitse da ruwa ba. Ku ɗauki ɗan kokowa mai kilo 90 da tsawon mita 1,75: lissafi zai ba shi 29, kamar wanda nauyi ya yi wa yawa, alhali ƙarfi ne a jikinsa. Ga kuma ɗan kasuwa a Tasawa, hannuwa sirara, yini a zaune, tumbi a gaba. Lambarsa na iya fitowa daidai, amma kitsen ciki shi ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini. Shi ya sa a 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da IMC shi kaɗai. Ga dabara ta gida: a auna tsawon mutum da igiya, a ninke ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai cibiya ko sama kaɗan. In ba ta haɗe ba, a je a auna jini da suga. Ƴan uwa mata masu shan ƙwayar ƙiba kafin biki, ku ma ku ji: wasu ƙwayoyin nan ruwa suke tarawa a jiki, suna tada suga.

Inda abin ya fi damunmu shi ne yara. Waɗannan lambobi na manya ne, ba su shafi ƙananan yara ko mai juna biyu ba. Wanda ya ga 2005 a jihar Maradi ya san tamowa. Akwai irin da ke kumbura yaro, kilonsa ya hau, kaka ta ce jikanta ya yi ɓul-ɓul, nan kuwa ruwa ne. Ga yaro daga wata 6 zuwa 59, ma'aunin dantse mai launi ake amfani da shi: ƙasa da milimita 115 ja ne, haɗari, zuwa 125 ruwan ɗorawa, sama da haka tsanwa. Sannan uwa ta danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ta ƙirga uku. In ramin ya tsaya bai koma ba, a kai shi CSI ranar nan, ko da ma'aunin ya nuna tsanwa.

Shi kuwa ɗan uwanmu na Faransa, mun ce ya tambayi tsohuwa ko zanenta ya fara yi mata yawa tun damina, ya kuma aiko kuɗin awon jini.