Manyan Tayoyi A Tsohuwar Land Rover: Ribar Inci Biyu Da Abin Da Ke Biyo Bayanta

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, watau ya bi ta Serti ya haura dutsen Mayo Selbe har ya isa Gembu, ba zai rasa ganin tsofaffin motocin nan ƙirar Land Rover ba. Kamfanin da ke Ingila ya daina ƙera samfurin Series III tun 1985, amma a can su ne jakunan ƙauyuka, su ɗauki masara, su ɗauki mutane, su bi hanyoyin da in damina ta sauka ƙaramar mota ba ta ko kusantarsu.

Mai irin wannan mota ba abin da yake tsoro kamar cikinta ya zauna a laka. Saboda haka sai ya kai ta wurin bakanike a ƙara mata ganyen sifirin, a ƙara tsawon ƙarafan da ke rataye da sifirin ɗin, jikinta ya tashi sama. Da ya ga sarari ya samu tsakanin taya da madigadi, sai zuciya ta raya masa ya cike wurin da babbar taya.

A nan yana da gaskiya. Ɗaga jikin mota ba ya ɗaga aksul. Kumburin nan mai kama da tulu da ke jikin aksul, inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafu suke, shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ne kuma ke fara karo da dutse. Taya kaɗai ke iya ɗaga shi. To amma da nawa?

Doguwar Land Rover, wadda ake kira 109, ta zo ne da taya mai lamba 7.50-16, tsayinta wajen inci 32. Babbar da akan yi sha'awa, 9.00-16, ta kai wajen inci 36. Ƙarin inci 4 ke nan, amma da yake aksul a tsakiyar taya yake, rabin wannan kawai zai samu, watau inci 2. Ba a raina inci 2 a hanyar da manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. Sai dai wajibi ne mai mota ya san abin da zai biya, ban da kuɗin taya.

Na farko dai, ƙarfin ja zai ragu. Babbar taya takan ci ƙasa mai yawa a juyi guda, saboda haka ta zama tamkar an ɗaure motar a giya mafi tsawo. Daga inci 32 zuwa 36, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kimanin kashi 11 cikin ɗari. Injin ɗin kuwa mai silinda huɗu ne, wanda girmansa bai wuce lita biyu da kwata ba, ga shi kuma ya tsufa. Daɗin daɗawa, tsaunin Mambila ya kai tsayin mita 1,600 ko fiye a wurare da dama, iskar can ba ta da kauri, kuma injin fetur irin wannan yakan yi hasarar wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa a irin wannan tsayi. Hawan da a da ake yi da giya ta biyu sai ya koma na giya ta ɗaya, direba ya yi ta wasa da kuloci har ya ƙone shi.

Maleji ma zai shiga yin ƙarya, domin juyin ƙarfe yake ƙirgawa, bai san an sake taya ba. In ya nuna kilomita 80, motar tana gudun 90 ne.

Wanda ya fi waɗannan muni shi ne birki. Waɗannan motoci birkin ganga gare su a ƙafafu huɗu, an kuwa auna shi ne da tayar asali. Taya mai tsayi tana rinjayar birki kamar yadda dogon ƙarfe ke rinjayar noti mai tauri, ga ta da nauyi kuma. Mai karatu ya dubi motar da aka ɗaga, aka lafta mata buhuna har bisa rufi, mutane na zaune a kai, tana gangaro dutse mai kwana-kwana. Nauyinta ya koma sama, tana saurin karkata a kwana, birki ya yi zafi, sa'an nan giyar da ya kamata ta riƙe ta ita ma ta yi tsawo. Rayukan fasinjoji ne a ciki, ba buhuna kaɗai ba.

Sauran ɓarnar a hankali take zuwa. Sandunan da ke cikin aksul, waɗanda ke juya ƙafafu, sukan murɗe su karye in babbar taya ta yi ta juyawa a laka sa'an nan ta kama ƙasa mai tauri farat ɗaya. Boris ba ya daɗewa. Sitiyari, wanda da ma da ƙarfin damtse ake juya shi, ya ƙara nauyi, kuma in aka karya kwana har ƙarshe sai tayar gaba ta goga jikin sifirin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin da kansa ya taɓa sa wannan taya ta 9.00-16 a doguwar Land Rover. Daga 1968 zuwa 1977 ya ƙera wata da ya kira One Ton, mai ɗaukar tan guda. Amma bai sa tayar ya tsaya nan ba. Ya ba ta injin mai silinda shida, ya sa mata aksul masu ƙarfi, ya rage tsawon giyarta don ta iya jan tayar, ya kuma ba ta wili mai faɗin inci 6 da rabi maimakon na inci 5 da rabi. Watau masu ƙirar sun ga babu yadda za a sake taya ba a sake rabin motar ba. Bakaniken da ya ce aikin na yini guda ne, lalle bai duba wannan ba.

Akwai kuma kuskuren da talauci ke jawowa. Wani ba ya iya sayen huɗu, sai ya sayi manya biyu ya sa a baya. A kan kwalta ba zai ga kome ba, domin ƙafafun baya kaɗai ke ja. Ranar da ya danna libar nan mai kan rawaya, ko ya ja mai jan kai don ƙafafu huɗu su yi aiki, gaba da baya sun ɗaure wuri guda alhali tayoyinsu ba su cin ƙasa daidai. A laka taya za ta zame ta sauke wahalar, amma a ƙasa mai tauri haƙora ne za su ɗauke ta. Har safaya ma dole ta zama girmansu ɗaya, biyar ke nan.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Legas a 2008, kasuwa ta koma ga na waje, ciki har da na gwanjo, kuma babbar taya mai araha sau da yawa tsohuwa ce. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1815, an yi ta ne a mako na 18 na 2015, kome kyan zanenta. Sabuwar 7.50-16 mai zurfin zane irin na laka ta fi irin wannan amfani a hanyar Gembu nesa ba kusa ba, ga shi ba ta bukatar a taɓa birki ko giya.