Goron Sallar Yaranmu: Wace Na'ura Za Mu Saya?

Jama'a, Babbar Sallah ta ƙarato, kowane maigida cikinmu yana tunanin abin da zai ba yaransa. Shawararmu, a duba aikin yaro kafin a duba kyan kaya.

Wanda ke kora shanu daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Damagaram zuwa Maigatari, babbar salula mai shafawa ba za ta fisshe shi ba. Da wuya cajinta ya wuce yini guda, gilashin kuwa faɗuwa ɗaya sai ya tsage. Ƙarama mai maɓalli, irin Nokia 105 ko Itel, takan yi kwanaki ba caji, ga tocila a kanta. A zaɓi mai layi 2, na Nijar da na Najeriya. In ɓarayi suka tare hanya, ko saniya ta karye a daji, wayar da ta mutu ba ta da maraba da dutse.

Dillalin da ke zaune a kara, mai kyamara ce daidai da shi, don ya tura hoton rago ta WhatsApp a yi ciniki. A haɗa masa da 'yar sola ta caji.

Dattawanmu na ruga kuwa, rediyo ne abokin hirarsu. A tabbata yana kama gajeren zango, don FM ba ta nisa da gari.

Kada mu biya sai an kunna a gabanmu, an ba mu rasit. Araha ba ta ado. Allah ya kai mu Sallah lafiya, amin.