Bayan ritaya: Yadda dattawa ke aikin sa-kai a ƙasashen da ba nasu ba

A shekarar 1966, wata ma'aikaciyar jinya daga Jihar Jojiya ta Amurka ta shiga hukumar aikin sa-kai ta Peace Corps tana da shekara 68 a duniya. An tura ta Indiya, inda ta shafe kusan shekara biyu a unguwar Vikhroli da ke birnin Mumbai tana kula da marasa lafiya, ciki har da kutare. Sunanta Lillian Carter, kuma shekara goma bayan tafiyar tata aka zaɓi ɗanta, Jimmy Carter, Shugaban Amurka.

Abin da ya ba mutane mamaki a wancan zamani, a yau ya zama tsari mai ƙa'idoji. Ƙasashe da dama na da hukumomin da ke tura tsofaffin ma'aikata su taimaka wa ƙungiyoyin al'umma, makarantu, asibitoci da ƙananan masana'antu a ƙasashen waje ba tare da albashi ba.

Su wa ke tura su?

Peace Corps, wadda Shugaba John Kennedy ya kafa a 1961, ba ta ƙayyade yawan shekarun mai neman shiga ba. Wa'adin aikinta shekara biyu ne, bayan horo na kusan wata uku, kuma tana da lambar yabo mai sunan Lillian Carter da take bai wa waɗanda suka yi aikin bayan sun haura shekara 50.

A Holan, ƙungiyar masu masana'antu ce ta kafa PUM a 1978 domin tura tsofaffin manajoji su ba ƙananan 'yan kasuwa shawara. Jamus ta bi sahu a 1983 da ƙungiyar SES mai hedikwata a birnin Bonn. Ita kuwa hukumar JICA ta Japan tun 1990 take da shirin dattawa, kuma tana karɓar mutum har zuwa shekara 69.

Akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976 domin gina gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi. Daga 1984, Jimmy Carter da matarsa Rosalynn sun riƙa ware mako guda kusan kowace shekara suna aikin gini da ƙungiyar, a Amurka da ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Indiya da Haiti. A 2019 an gan shi riƙe da kayan aiki a birnin Nashville yana da shekara 95, da ɗinki a goshinsa sakamakon faɗuwar da ya yi a gida.

Yadda tsarin ke aiki

A tsarin PUM da SES, ba ƙwararren ne ke zaɓar inda zai je ba. Ƙungiya ko masana'antar da ke da buƙata ce ke rubuta takarda ta bayyana matsalarta: wataƙila burodinta ba ya daɗewa, ko littafin shige da ficen kuɗinta ya rikice, ko injin da ta saya ya ƙi aiki. Daga nan sai a duba jerin sunayen ƙwararru a zaɓo wanda ya yi rayuwarsa a wannan fanni.

Ziyarar ba ta da tsawo. A PUM takan ɗauki kimanin mako biyu, a SES kuwa daga 'yan makonni zuwa wata shida. Galibi hukumar da ta turo mutum ce ke biyan kuɗin jirgi, mai masauki kuma ya ɗauki nauyin wurin kwana, abinci da zirga-zirga. Hikimar raba nauyin ita ce, wanda ya sa kuɗinsa a abu ba ya wasa da shi.

Irin wannan tunani ne Habitat ke bi. Iyalin da za a gina wa gida sai sun yi aiki da hannunsu tare da masu sa-kai, sannan su biya kuɗin gidan sannu a hankali. Ba kyauta ake miƙa musu ba.

Me ya sa ake son dattawa?

Dalili na farko shi ne ƙwarewa. Wanda ya yi shekara talatin yana tafiyar da asibiti ko gyaran injin ya ga kura-kuran da ba a rubuta su a littafi ba, kuma yakan gane matsala cikin kwanaki.

Na biyu, a yawancin ƙasashen Afirka da Asiya furfura na da daraja. Shawarar da shugaban ƙungiya zai yi watsi da ita idan ta fito daga bakin matashi, yakan saurare ta daga sa'an mahaifinsa. Na uku, dattijon da ke da fansho ba ya neman muƙami ko kwangila, don haka ba ya jin nauyin faɗin gaskiya.

Inda gizo ke saƙar

Babban ƙalubale shi ne lafiya. Hawan jini, ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro kan yi wa mai shekaru illa a wurin da asibiti ke da nisa, shi ya sa hukumomin ke tsananta gwaji kafin tafiya. Annobar korona ta fito da wannan hatsari fili: a watan Maris na 2020, Peace Corps ta kwashe duk masu sa-kanta, kusan mutum 7,000, daga ƙasashen da suke. Wasu ƙungiyoyin suka koma ba da shawara ta intanet.

Matsala ta biyu ita ce baƙon da ke zuwa da tunanin cewa abin da ya yi aiki a ƙasarsa dole ya yi a ko'ina. Shawarar da ta dogara da wutar lantarki ta dindindin ba ta da amfani ga mai masana'antar da ke rayuwa da janareta. Haka kuma idan mai sa-kai ya karɓe aikin da ɗan gari zai iya yi, ya hana wani abincinsa, kuma ranar da ya tafi komai ya tsaya.

Akwai kuma kamfanonin yawon buɗe ido da suka mayar da sa-kai kasuwanci, musamman ziyarar gidajen marayu. An gano cewa a wasu wurare ana raba yara da iyayensu a cika irin waɗannan gidaje domin jawo kuɗin baƙi. A 2018, Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki wannan a matsayin wani nau'i na bautar zamani.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ma na tura masu sa-kai waje. Tun 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin TAC, wanda ke aika likitoci, malamai, injiniyoyi da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu.

Sai dai a gida, ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki da zarar ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Ƙungiyoyin unguwa, na 'yan kasuwa da makarantun al'umma na fama da rashin mai tsara musu lissafi ko rubuta musu takardar neman tallafi, alhali tsohon akanta na zaune a ƙofar gida a layin da suke.

Ko baƙo ne daga Jamus ko maƙwabci ne da ya yi ritaya, sharuɗɗan da suka sa tsarin ya yi nasara ba su sauya ba: mai buƙata ne zai fayyace abin da yake so, ya ɗauki wani kaso na nauyin, sannan ya haɗa dattijon da matashin da zai koyi aikin ya ci gaba da shi bayan an yi sallama.